Yatsun Kaduna a Kan Suwic ɗin Sanaiya

Allon ya tsaya cak. Na danna maɓallin Enta, shiru. Na sake dannawa, shiru. Ina zaune a ofis a unguwar Muntaza, cikin Doha, na'urar da nake gyarawa kuma tana can Sanaiya, bayan garin Doha, cikin wani katafaren sito na kayan abinci, ga shi ta daina amsa mini.

Da farko ko a jikina. Har na ɗauki kofin shayi na kurɓa, don an koya mini dabarar da ake yi saboda irin wannan ranar. Sai na ɗan ja allon sama in ga abin da na rubuta na ƙarshe. Sai na dire kofin. Yatsuna sun yi sebin. Ni ban aike su ba.

Bari in dakata nan tukuna. Tun da na sauka Kaduna wayata ba ta huta ba. "Nazifi ya Doha?" "Da gaske ba a ɗauke wuta?" "Wai koro ka aka yi?" Ta ƙarshen nan daga abokina Abba Dogo ta fito, kuma na san ba shi kaɗai ke faɗa a majalisa ba. To ga shi a rubuce, kowa ya karanta, a bar ni in ci tuwon Umma cikin natsuwa.

Ga wanda bai sani ba, ni ban yi jami'a ba. Na nemi gurbi har na gaji. Ina zaman shagon gyaran waya a Tudun Wada sai na shiga ajin yamma a wata ƙaramar kwaleji, irin wadda in ka faɗi sunanta mutane ke cewa "au, to, Allah ya taimaka." A ajinmu akwai mai gyaran janareto, akwai ɗan sanda, akwai wata matar aure da ke zuwa da goyo ta kuma fi mu duka ganewa. Abin da muka koya shi ne netwok, wato yadda kwamfutoci ke magana da juna. Akwatin da ke haɗa su sunansa suwic. Tsofaffi guda biyu ne a kwalejin, muna layi a kansu.

Malaminmu Malam Dauda doka ɗaya gare shi. Suwic mantuwa gare shi: duk abin da ka rubuta masa, in wuta ta ɗauke kafin ka yi sebin, wato ka adana shi, to ya tafi ke nan. Wutar unguwar kuma ba ta sallama, janareton kwalejin shi ma sai an lallaɓa shi. Sai ka ji Malam ya buga rula a tebur: "Layi ɗaya, sebin! Layi ɗaya, sebin! Kai Nazifi, babanka ne ke riƙe da wutar?" Haka muka taso. Har ta kai ina rubuta layi, yatsuna su ƙarasa sauran ina hira da na gefe.

Bayan difloma na je Abuja na zauna jarrabawar satifiket ɗin da kamfanonin waje ke tambaya. Karon farko na faɗi. Na biyu na ci. Sai Yaya Sanusi, ɗan wan babana da ke aikin sikiriti a Doha, ya ce in turo takarduna. A ginin da yake gadi akwai wani kamfani mai kula da netwok na wasu kamfanoni, kuma kullum yana gaisawa da ogan injiniyoyinsu. Shi ya tare mutumin a bakin lifta ya ce yana da ƙane. Aka yi mini intabiyu ta bidiyo, ana tsaka da yi aka ɗauke wuta, na ƙarasa ina haska fuskata da tocilan. Suka ce in zo gwaji na wata uku. In na yi musu, su riƙe ni. In ban yi ba, tikitin gida.

Ranar tafiya Umma ta cika mini jaka da kuka, daddawa, yaji da kuɓewa busasshiya, kamar can ba a cin abinci. Na ce Umma kilo fa ake aunawa. Ta ce to in cire takalma. Na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, daga nan jirgin sama, karo na farko a rayuwata. Na zauna kusa da wata hajiya 'yar kasuwa da ta ga ina kokawa da bel, ta ɗaure mini ba tare da ta ko kalle ni ba, ta ci gaba da jan carbinta.

A filin jirgin Doha abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Mutane dubbai, amma ba mai ɗaga murya. Ka kalli kyamara, a buga maka hatimi, ka wuce. Sai a wajen duba kaya aka ce in buɗe jaka. Ma'aikacin ya ɗago ƙullin daddawa da yatsa biyu ya tambaye ni mene ne. Na ce kayan miya. Ya shinshina, ya ja baya, ya kira abokin aikinsa shi ma ya shinshina. Suka kalli juna. Sai ya miƙo mini da sauri: "Yalla, yalla." Wato maza ka yi gaba. Kalmar Larabcin da na fara koya ke nan.

Ƙofa na buɗewa zafi ya mare ni. Ni da na ɗauka na san zafi. Yaya Sanusi na tsaye da kayan aiki a jikinsa, ya rungume ni ya ce, "Injiniya! Ka zo da daddawar?" Ko Umma bai tambaya ba tukuna.

Masauki a unguwar Najma ne. Ɗaki ɗaya, gadaje masu hawa biyu, kowa ya zagaye nasa da zani, wannan shi ne ɗakinsa da falonsa. Akwai 'yan Kano, ɗan Gusau, ɗan Jos, rabi sikiriti rabi direbobi. Wasu na dawowa aiki wasu na fita, saboda haka ko da rana a hankali ake magana, waya kuma sai da abin kunne. Ban taɓa ganin samari da yawa haka a wuri ɗaya ba tare da rigima ba. Gadon sama aka ba ni, daidai bakin esi, na kwana da hular sanyi a ƙasar da ƙarfe ke ƙona hannu.

Abinci kuwa, da safe farota ce, wata waina mai faɗi ta Indiyawa, da karak, shayin madara mai kauri da kowa ke sha daga mai shara har mai babbar mota. Da rana biriyani, dafa-dukar shinkafa ta Indiyawa, har sai da na fara mafarkinta. Amma ran Juma'a bayan masallaci ɗan Gusau ya tuƙa tuwon semo, aka kaɗa kukar Umma, 'yan ɗakin maƙwabta suka shigo da cokulansu. Rannan na san an karɓe ni, ko in ce an karɓi jakata.

Abubuwa da yawa sun juya mini kai. Mako ran Lahadi yake farawa. Lahadin farko ina kwance ina miƙa, Yaya ya ja ƙafata: "Tashi, nan ba Kaduna ba ce, yau Litinin ɗinsu." Ka sa ƙafa a wurin tsallaka titi, mota ta tsaya ta jira ka, ni kuma na tsaya ina jiran ta, muka yi ta kallon juna har mai motar ya yi mini alama da hannu. Mutum ya ajiye wayarsa a tebur don kama wuri ya tafi sayen abinci. Jirgin ƙasan cikin gari kuma na je har gaba ina neman direba, babu kowa, yara ne kawai a zaune suna kallon hanya.

A wurin aiki ogana shi ne mutumin da Yaya ya tare a lifta, Injiniya Taj, ɗan Sudan, dogo, mai magana a hankali. Kowa "ya zol" yake ce masa, kamar yadda muke cewa "mutumina." Ranar farko ya buɗe wani suwic ya nuna mini tsawon lokacin da ya yi a kunne. Shekaru. Ba a taɓa kashe shi ba, bai taɓa mutuwa ba. Na ce ko agogonsa ne ya lalace? Ya yi murmushi kawai.

Gaskiya aikinsu ya burge ni. Kowane kebul da sunansa a maƙale, kai da gindi. Ba wanda ke taɓa komai don ya ga dama. Sai ka faɗi abin da za ka yi, da abin da za ka yi in ya ƙi, wani ya duba ya yarda. Satifiket ɗina sun girmama shi, ba wanda ya taɓa tambayata wace jami'a na yi. Abin da suke so su gani shi ne hannunka a kan na'ura.

Sai dabarar da na ambata. In za ka taɓa suwic daga nesa, kafin komai sai ka sa masa agogo, ka ce bayan ɗan lokaci ya kashe kansa ya kunna. Sannan ka yi aikinka, amma ba ka sebin. In komai ya tafi daidai, ka soke agogon, sannan ka yi sebin. In kuwa ka yi kuskure ka rufe kanka a waje, ba komai, zauna ka sha shayi. Agogo zai cika, suwic ya mutu ya tashi, ya manta shirmenka, ya dawo yadda yake da. Wato mantuwar nan da muke gudu a Kaduna, su ita ce garkuwarsu. Taj ya maimaita mini: "Sebin shi ne na ƙarshe, ya zol. Na ƙarshe." Na ce na gane. Kuma kaina ya gane ɗin.

To mu koma ranar. Asabar ce da hantsi, gwajina saura ƙiris ya ƙare, kuma karo na farko ke nan da aka bar ni in yi irin wannan aiki ni kaɗai. An zaɓi lokacin ne don siton ba ya aiki sai bayan la'asar, lokacin da manyan motoci ke zuwa lodi. Na sa agogo yadda aka koya mini. Na rubuta layin, ashe na juya lamba ɗaya. Irin kuskuren nan ne da ba ya nuna kansa nan take, sai an ɗan jima hanyar ta yanke. A wannan ɗan tsakanin yatsuna suka yi aikin Malam Dauda.

Na zauna ina kallo agogo ya cika. Suwic ya mutu, ya tashi, ya dawo da kuskurena daram, tunda na adana masa shi da hannuna. Sito gaba ɗaya ba netwok. Ba na'urar karanta kaya, ba takardar lodi, ba komai.

Ba tikitin gida ne ya fara faɗo mini ba. Yaya Sanusi ne, a tsaye bakin lifta gobe da safe, Taj ya zo wucewa. Shi ya ce yana da ƙane.

Na kira Taj. Yana gida, ina jin hayaniyar yaransa. Na ce, "Injiniya, na kashe siton Sanaiya. Na yi sebin kafin in gwada."

Na ji ya fita daga cikin hayaniyar yaran.

"Agogon ya cika?"

"Ya cika. Ya dawo da kuskuren."

"To. Ɗauki laftof da shuɗin kebul ɗin nan, sai ka haɗa da jikinsa kai tsaye. Nemi Isa ya kai ka. Ni zan kira masu siton. Yalla."

Shi ke nan. Ba ihu, ba "ka san ko ni waye."

Isa direban kamfani ne, ɗan zangon Kumasi a Ghana, Hausarsa da daɗin ji. Ya ga fuskata ya ce, "Cale, abokina, wa ya mutu?" Na faɗa masa. Ya tada mota yana dariya. "Ku 'yan Najeriya, komai da sauri. Ko sallama kuna yi kamar ana bin ku."

"Isa don Allah taka motar."

"In taka kyamara ta ɗauke ni? Kai za a kora, ni ma kana so a kore ni? Zauna, ka yi salati."

Sanaiya wata duniya ce. Ba dogayen gine-ginen da kuke gani a hoto, sai garejoji, situna, tireloli, da tituna masu lamba maimakon suna, duk kamarsu ɗaya. Ni kaɗai da sai dai a nemo ni. Isa kuwa yana tuƙi yana nuna mini inda ake sayar da wake da shinkafa irin na garinsu, kamar yawon buɗe ido muka fito.

A get ɗin siton mai gadin ya leƙo, ya ji muna Hausa, ya washe baki. Bakatsine ne.

"Kai ne injiniyan?"

"Ni ne."

"To kai ka kashe mana intanet? Ina cikin magana da maiɗakina ta ɗauke. Yanzu za ta ce ni na kashe mata waya. In ka gyara sai ka yi mata bayani da bakinka."

Manajan siton, wani Ba'indiye mai furfura, ya raka ni wani ɗan ɗaki mai sanyi a sama, sai duba agogon hannunsa yake yi. Ta taga ina hango motar lodi ta farko ta riga ta iso tun kafin lokaci tana juyawa.

Na haɗa kebul. Suwic ya amsa. Ga lambar nan a juye tana kallona. Na sa agogo, na gyara, sannan na janye hannuwana biyu na zauna a kansu. Da gaske nake, a kansu na zauna, don na ji yatsun suna motsi. Manajan ya kalle ni kamar mai taɓin hankali. Na ce ya sa a gwada. Aka gwada a ƙasa, wani ya ɗago babban yatsa. Na kira Taj ya shiga suwic ɗin daga gida, ya ce yana gani. Sannan na zaro hannu ɗaya, na soke agogo, na yi sebin. Muna fita Bakatsinen na waya, ya ɗaga mini hannu: "Ta huce!"

A ɗaki na faɗa wa Yaya komai. Ya daɗe yana goge takalminsa, sannan ya ce, "Ka faɗa masa da kanka, ko shi ya gano?" Na ce da kaina. Ya ce, "To ci abinci."

Ran Lahadi aka kira taro. Al'adarsu ce, duk abin da ya lalace sai an zauna a kansa. Na shiga da shirin a wanke ni tas a gaban mutane. Sai na ga ba wanda ke tambayar wa ya yi, kowa ya sani ai. Tambayar ita ce ta yaya aka yi hakan ta yiwu. Taj ya ce, "Na faɗa maka sebin na ƙarshe ne, kuma na san ka ji. To me ya sa hannunka ya ƙi ji?"

Sai na ba su labarin Malam Dauda, da rularsa, da janareton kwaleji. Wata 'yar Filifin da ke aiki da mu ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Taj bai yi dariya ba. Ya ce a Omdurman, garinsu, in famfo ya kawo ruwa mahaifiyarsa sai ta cika duk abin da ke da baki a gidan. Da ya kawo ta Doha, ya dawo aiki ya tarar ta cika bahon wanka, da tukwane, da butar shayi. Ya ce mata Hajiya nan ruwa ba ya ɗaukewa. Ta ce haka kowa ke cewa.

"Ita na ƙyale ta," in ji shi. "Kai ba zan ƙyale ka ba."

Abin da suka yi: duk sabon ma'aikaci aka cire masa ikon yin sebin daga nesa, sai wani ya duba ya yi masa. Ni kuma kullum da safe sai na zauna a suwic ɗin gwaji na yi aiki Taj na tsaye a bayana, in yatsana ya nufi wajen sai ya ce "khalas!", wato ya isa. Rular Malam Dauda ce dai aka juya ta.

Ranar da gwaji ya cika ya kira ni ofishinsa. Ya ce kowa a ginin nan ya taɓa kashe wani abu, shi ma ya taɓa, amma ba kowa ke kiran waya ya faɗi laifinsa da bakinsa ba. Ya ce in je in ga mahaifiyata in dawo, aikin nawa ne. "Kuma ka gaida malamin nan naka. Ka ce masa ya koyar da kyau, har ya wuce gona."

Da na sauko ƙasa Yaya na bakin lifta. Bai tambaye ni ba, fuskata ya kalla, sai ya ƙame ya sara mini a gaban mutane.

Saboda haka Abba Dogo, hutu na zo. Ka isar wa majalisa.

Jiya na je kwalejin na isar da gaisuwa. Malam Dauda ya saurare ni har ƙarshe, yana juya rularsa. Ya ce, "To su da wutarsu. Nan dai layi ɗaya, sebin." Bai rufe baki ba fanka ta tsaya. Rabin aji suka yi salati, rabi suka fashe da dariya, kana gani ka san su wa suka yi sebin. Ni ma wannan rubutun, duk sakin layi sai na kwafe shi na ajiye a wani wuri, ga cajina ya yi ja.

To ku fa? Wace ɗabi'a ce rashin wuta ko rashin ruwa ya dasa muku a hannu, wadda ba za ku san kuna da ita ba sai ranar da kuka je inda ba a ɗaukewa?